Ginshiƙin da Ba Ya Taɓa Ƙasa

Ingila, 5 ga Maris, 2023

Kawu Abdulsalami,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya gwiwa? Kunnen fa, ka koma wurin likitan unguwar Deïdo a Douala kamar yadda ka yi mini alkawari? Ni ƙalau nake, sai mura da ta ƙi sakina tun da na sauka. Tun da ba ka jin magana a waya, zan riƙa rubuta maka da hannu, in ɗauki hoton takardar in tura wa Inna, ita kuma ta kai shagon Rahinatu a kasuwar Marché Congo a buga maka. In ka rubuta amsa, ta wannan hanyar za ta dawo.

Makaranta ta tura ni koyon aiki na wata tara, wurin da aka ba ni kuma babban coci ne, katedral, a wani gari na arewacin ƙasar. Na san hankalin Inna zai tashi, shi ya sa na fara gaya maka. Ba ibada ta kai ni ba. Ginin ya kusa shekara ɗari tara, yana da kafintoci da maginansa na dindindin waɗanda ba su da aiki sai gyaransa. Cikinsu aka saka ni, ƙarƙashin wani dattijo, Mista Ogden. Hannuwansa irin naka ne, har da rabin yatsan da zarto ya ci.

Ranar farko ya ce in shiga in zagaya ni kaɗai. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa yin gaba. Babban ɗakin, wanda ake ce wa nef da Faransanci, wato jirgi, tsawonsa zai kai daga ƙofar gidanmu zuwa titin mota. Ginshiƙan dutse ne jere hagu da dama, kowanne sai mutum biyar sun haɗa hannu za su zagaye shi. Bakunan gizo da ke ƙasa zagayayyu ne masu kauri, na sama kuma sirara masu tsini. Na tambayi dalili, aka ce gobara ta ci saman, waɗanda suka sake ginawa kuma suka yi irin na zamaninsu, ba su damu ya dace da na ƙasa ba. Akwai mutum-mutumi da yawa marasa kai, mutanen ƙasar da kansu suka fasa su lokacin da suka yi rikicin addini a tsakaninsu. A daɓen kuma sunayen matattu ne, ana tafiya a kansu. Sai ga ni ina tsallake-tsallake kamar mai gudun taɓo a unguwarmu New Bell.

A jirgin nake aiki yanzu, can sama. Haƙarƙari biyu ne suka tsage a gefen hagu, ana jira a ga ko tsagar za ta ƙaru, don haka aune-aune kawai nake yi.

Abin da na fi so ka gani wani ɗaki ne mai kusurwa takwas a bayan cocin, inda limamansu suke zaman shawara. Faɗinsa ya ninka masallacin layinmu, amma babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa. Duk wanda ya ɗaga kai zai rantse rufin dutse ne. Katako ne, Kawu, fenti aka yi masa. Shekara ɗari bakwai ke nan yana tsaye.

A gaishe mini da kowa.

'Yarka, Sa'ida

New Bell, 9 ga Afrilu

Sa'ida,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, muna cikin azumi, Allah ya karɓa mana. Gwiwa da sauƙi. Kunne yana nan yadda kika bar shi. Likita ya ce injin yankan katako na shekara arba'in ba ya mayar da abin da ya ɗauka.

Na karanta takardarki sau huɗu, kowane karatu sai na ƙara rikicewa. Kin ce coci, kin ce jirgi. Cocin ne a cikin jirgi, ko jirgin aka shigar cikin cocin? Na tambayi wani maƙwabci da ke aiki a tashar jiragen ruwa, ya ce shi bai taɓa gani ba, amma Turawa ba abin da ba sa yi.

Sai maganar haƙarƙari. Uwarki Iyatu ta yini tana kuka, ta je ta sayo man zafi tana neman wanda zai tafi Ingila. Na ce mata wadda haƙarƙarinta biyu suka tsage ba za ta rubuta shafi uku ba. Na faɗa ne don ta yi shiru, ni ma ban tabbata ba. Faɗuwa kika yi? Wa ke duba ki? Ki ba mu amsa a kan wannan kafin komai. Ki kuma gaya mana inda kike sallah, don an fara tambayata a layi.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a rai. Kin san masallacin layinmu kakana Ɗantani ne ya gina shi, shekarun da ya sauka New Bell da fataucin goro. Kin san ginshiƙin katakon azobe da ke tsakiyarsa, wanda ya raba sahu na uku gida biyu. Mu da aka haifa a nan mun saba da shi. Amma 'yan kasuwar da suka zo daga Najeriya sun yi yawa a jam'i, babbansu kuma, Alhaji Jafaru mai atamfa, ya ce sahu ba ya kyau a yanke. Yana so a rushe masallacin gaba ɗaya a yi na kankare mai bene. Ba mugun mutum ba ne, kuma abin da ya faɗa game da sahu gaskiya ne.

To sai ga takardarki. Ɗakin da ya ninka namu, rufin katako, babu ginshiƙi. In har mutane sun yi wannan shekara ɗari bakwai da suka wuce, ba injin ba lantarki, ni me zai hana ni? Ki zana mini rufin nan yadda yake, kada ki bar komai.

Kawunki, Abdulsalami

Ingila, 7 ga Mayu

Kawu,

Barkanmu da Sallah, ko da ta wuce. Ina fatan kowa lafiya. Ni lafiyata ƙalau, haƙarƙarina duk suna nan cif. Na kira Inna na ba ta haƙuri. Laifin Hausata ne. Haƙarƙarin gini nake nufi, layukan dutsen da suke tasowa daga kan ginshiƙi su lanƙwasa su haɗu a sama, irin bakan gizo na soron ƙasa da kake ba mu labari. Jirgi kuma suna ne kawai, don in ka ɗaga kai rufin yana kama da cikin kwalekwale a kife. Sallah ina yin ta a ɗakin ajiye katako. Mista Ogden da kansa ya share mini kusurwa, ya hana kowa ajiye kaya a wurin.

Ga zanen ɗakin mai kusurwa takwas. Na kwanta rigingine a daɓe na zana abin da idona ya gani. Haƙarƙari suna tasowa daga kowace kusurwa, su rabu kamar ganyen giginya, su haɗu a wani dunƙulen katako da aka sassaƙa a tsakiya. Kujerun limamai na dutse ne, jikin bango, a zagaye, don kowa ya ga fuskar kowa. A kan kowace kujera an sassaƙa ƙananan kawuna, wani na dariya, wani na riƙe da kunci kamar mai ciwon haƙori. A wani ɓangaren cocin kuma sassaƙar ta tsaya cak, sauran bangon babu ado. An ce annoba ce ta kashe masu sassaƙar a tsakiyar aiki, waɗanda suka gaje su kuma ba su kai su iyawa ba.

Ban hau saman rufin ba tukuna. Sai an ba ni izini, an ce ƙila a Yuli. In na hau zan ƙara maka bayani.

Sa'ida

New Bell, 18 ga Yuni

Sa'ida,

Muna lafiya. Ruwa ya fara da ƙarfi bana. Iyatu ta daina kuka, man zafin ni nake shafawa a gwiwa.

Na kai zanenki gaban kwamitin masallaci. Kuskurena, na kai shi tare da takardarki, Alhaji Jafaru kuma ya karanta kalmar coci. Daga nan bakuna suka fara motsi ko'ina. Kin san ni a taro sai dai in bi leɓe, in mutum uku suka yi magana tare kuwa shi ke nan na ɓace. Na ga wani yana nuna ni da yatsa, na ga wani yana dariya, ban san wanne ke tare da ni ba. Na ɗauka an ƙi, har na naɗe takardata zan fita, sai Liman Tahir ya riƙo rigata ya rubuta mini a bayan zanen: «Katako ba shi da addini. An ba ka zuwa ƙarshen Agusta. In ginshiƙi ya fita rufi ya tsaya, ba za a rushe ba.»

Daga baya na samu labarin cewa a kasuwa ana cewa Abdulsalami zai mayar da masallaci coci, 'yar ƙanwarsa ce ke turo masa taswira. Kada wannan ya dame ki.

Abin da ke damuna zanen ne. Naki kusurwa takwas, namu huɗu. Na yi ƙaramin samfuri da ragowar katako a shago, na rage haƙarƙarin zuwa takwas, huɗu daga kusurwa, huɗu daga tsakiyar bango, duka suka haɗu a dunƙule ɗaya. Na ɗora bulo biyu, ya ɗauka. Na ɗora na uku, ƙafafun suka ɗan buɗe, sai na buga musu ƙusa a jikin teburin, ya tsaya. Amma na kasa gane abin da ke riƙe dunƙulen tsakiyar nan. Na juya takardar sama da ƙasa, duk ɗaya ne. Ina ganin junansu suke tokarewa, kamar mutane takwas da suka haɗa kai suka jingina. Haka ne?

In ban ji daga gare ki ba, zan ɗauka haka ne. Bayan Babbar Sallah zan fara yanka katako.

Kawunki

Ingila, 14 ga Yuli

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa. Kada ka cire ginshiƙin. Ko ka fara aiki, ka tsaya.

Takardarka ta same ni ina jiran izinin hawa, na ce bari in gani da idona kafin in amsa. Yau muka hau da Mista Ogden ta wata matattakala ƙunci a cikin bango. Kawu, abin da na zana maka ba shi ne rufin ba. Silin ne kawai, fuskar da ake nuna wa mutane. A samansa akwai wani ɗaki mai duhu wanda tsayinsa ya kusa na ƙasan, cike da katako kamar daji. A tsakiya akwai ginshiƙi. Yana nan, Kawu, ƙato, itace uku aka haɗa. Sai dai ba ya taɓa ƙasa, a rataye yake. Manyan katakai na kwance sun ratsa daga bango zuwa bango sun ɗaure ginin kada ya buɗe. Daga waje kuma kowace kusurwa akwai ginin dutse mai kauri da ke tokare ta. Kullum ina wucewa ta gefensu, ban taɓa haɗa su da rufin ba.

Na karanta wa Mista Ogden abin da ka ce game da samfurinka. Da na zo wurin ƙusar da ka buga a tebur sai ya tsayar da ni. Ya ce ƙusar nan ita ce duk maganar. Ƙafafun da suka buɗe, haka bangon masallaci zai buɗe, kuma bulo ba tebur ba ne. Ya tambaye ni kaurin bangon, na ce bulo ɗaya. Sai ya ce in sauka in rubuta maka yanzu.

Ka amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Sa'ida

Ingila, 6 ga Agusta

Kawu,

Lafiya kuwa? Mako uku ke nan wayar Inna ba ta shiga. Takardata ta Yuli tana nan da alamar ba a buɗe ba. Na ga hotunan ambaliya a Douala, ban san ko ta kai layinmu ba. Lambar Rahinatu ba ni da ita. Na tura wa wata ƙawata ta makaranta saƙo ta zo gidan, ta ce tana Yaoundé sai ƙarshen wata. Ina sake faɗa ko wannan ce za ta fara isa: ginshiƙin ya zauna inda yake.

Sa'ida

New Bell, 3 ga Satumba

Sa'ida,

Muna lafiya, babu wanda ya ji ciwo. Na fara da wannan don ki karanta sauran da kwanciyar hankali. Ruwa ya shiga gida har gwiwa a watan Yuli, wayar Iyatu ta faɗa ciki. Sai shekaranjiya aka haɗa mata wata, takardunki biyu suka fito tare. Rahinatu da kanta ta kawo su gida.

Na cire ginshiƙin ranar goma ga Agusta.

Na yi haƙarƙarin takwas da katakon iroko mai kyau, na ɗaure su a dunƙulen tsakiya, rufin kwano ya zauna a kansu. Muka sassauta ginshiƙin a hankali, muka kwantar da shi a bayan masallaci. Rufi bai motsa ba. Ranar aka yi La'asar sahu na uku a miƙe daga bango zuwa bango. Alhaji Jafaru ya ba ni hannu a gaban mutane. Na koma gida na kasa cin abinci don murna.

Kwana tara rufin yana tsaye. Rana ta goma na zo Azahar na ga ƙofar gefe ta ƙi rufuwa. Ni na rataya ƙofar nan da hannuna, na san ba ta ciza. Na ɗauka ruwa ne ya kumbura ta. Na ɗaga kai in duba sama, sai na ga tsaga a bango daga kan ƙofar har zuwa rufi, yatsana yana shiga. Na zagaya ɗaya gefen, ga wata. An riga an tayar da iƙama. Na shiga na kama hannun Liman Tahir na ja shi. An ce ihu nake yi, ni ban sani ba. Mutane suka fito ba takalma.

A waje na ga abin da ya fi tsagar ciwo. Liman ya rubuta mini cewa tun kwana na uku rufin yake kuka, ƙas, ƙas, musamman in ana ruwa. Kowa ya ji. Wasu har sun daina zuwa Asuba. Na ce me ya hana a gaya mini? Ya rubuta: «Muna ganinka kana sallah a ƙarƙashinsa hankali kwance. Muka ce mai aikin ya san kukan katakonsa.» Sa'ida, mutum sittin suna kallona suna samun natsuwa, ni kuwa ban ji komai ba.

Alhaji Jafaru ya tafi, na ce a raina ya tafi kiran masu rushewa. Sai ga shi da jak biyu na babbar mota daga wurin direbobin tashar jirgi. Ya tuɓe babbar riga, ni da shi da wasu mutum huɗu muka shiga muka tokare tsakiyar da katako. Rufin ya riga ya sauko kamar taƙi ɗaya. Yanzu a kulle masallacin yake, muna sallah a titi ƙarƙashin tampol, ruwa na dukan sahun baya.

Kwamiti zai zauna ƙarshen wata. Ba ni da bakin cewa kada a rushe.

Na karanta takardarki ta Yuli har ta yi laushi. Laifi ba naki ba ne, kin ce ba ki hau ba tukuna, ni ne na tsallake layin. Amma har yanzu ban gane ba. Ginshiƙin da ba ya taɓa ƙasa, me yake ɗauka? A kan me yake tsaye? In a rataye yake, ai shi ma kaya ne. Ki tambayar mini dattijon nan. Ki ce masa wani kafinta ne ke tambaya, wanda ya kusa kashe maƙwabtansa.

Kawunki

Ingila, 8 ga Satumba

Kawu,

Alhamdu lillahi da kowa ya fita lafiya. Na karanta takardarka a ɗakin katako. Ka ce laifi ba nawa ba ne, amma ni na zana maka silin na kira shi rufi.

Na fassara wa Mista Ogden duka, har layin ƙarshe. Ya ce in gaya maka hasumiyar tsakiyar cocin nan ta taɓa faɗuwa shekaru ɗaruruwa da suka wuce, don maginin ya amince da ginshiƙan da ba su kai ba, kuma shi maginin bai yi sa'ar ganin ƙofa ta ciza ba. Ya ce wanda ya karanta ƙofa ya fitar da mutum sittin, kafinta ne.

Ga amsar tambayarka, da zanen da ya yi da hannunsa. A wannan karon daga gefe ake kallo, na rubuta sama da ƙasa. Katako biyu su jingina da juna kamar tsinin bukka. Nauyi zai so ya buɗe ƙafafunsu, don haka sai a ɗaure ƙafafun da dogon katako na kwance, daga bango zuwa bango. Shi ne ƙusarka ta tebur. Amma katako mai tsawo haka zai lotsa a tsakiya. To ginshiƙin yana rataye daga tsinin, ya kamo tsakiyar katakon kwancen ya riƙe shi sama. Ba tura ƙasa yake yi ba, ja yake yi. Shi ya sa ba ya bukatar daɓe.

Ya ce irin wannan guda uku za su ɗauki rufinku. A ƙara sandunan ƙarfe biyu masu noti su ratsa bango su jawo shi a hankali, rabin juyi kowace rana, kada a yi gaggawa. Ya ce kafin a buɗe wa mutane, injiniya ya zo ya duba bangon, don shi daga nan ba ya ganin bulonku. Ya kuma tambaya ko tsohon ginshiƙin yana da lafiya. In yana da ita, a yanka shi uku.

Kada ka yarda da ni ko da shi. Ka yi samfuri, ba ƙusa a tebur.

Sa'ida

New Bell, 19 ga Nuwamba

Sa'ida,

Muna lafiya, ruwa ya ɗauke. Iyatu tana gaishe ki, tana tambaya ko da gaske a Disamba za ki dawo. Ki yafe shirun, ban so in rubuta ba sai da abin faɗa.

Na yi samfurin. Na ɗora bulo biyar, bai buɗe ba. Na sauke su na hau da kaina. Na zura takarda ƙarƙashin ɗan ginshiƙin, ta wuce. Na ɗauki samfurin a ka na kai gaban kwamiti, ban yi dogon bayani ba, na ce wanda ya fi kowa nauyi ya hau. Suka dubi Alhaji Jafaru. Ya hau, ya yi tsalle sau biyu, ya sauka ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin ginshiƙin. Ya karɓi alƙalamin Liman ya rubuta mini: «Ban gane ba.» Na rubuta masa a ƙasa: «Ni ma.»

Sun yarda da sharaɗi biyu. Injiniya zai duba, kuma ba zan ƙara yin aiki ni kaɗai ba, sai da mai kunne a gefena. Na biyun ya yi mini zafi, amma daidai ne. Liman Tahir ne ya ɗauki wannan. Mako biyar yana zaune a kan benci a cikin masallaci, carbi a hannu, yana sauraren rufi. In ya ji wani abu sai ya ɗaga hannu, mu tsaya.

Ginshiƙin kakana lafiyarsa lau, zarto biyu ya cinye kafin ya yanku. Na daɗe riƙe da zarton kafin in fara. Yanzu yana sama gida uku. Ban yi silin ba, na bar komai a buɗe, duk mai son ganin abin da ke riƙe da rufin ya ɗaga kai. Tsagar ta rufe har wuƙa ba ta shiga. Injiniyar mace ce, ta sa aka ƙara ginin tokare biyu daga waje, sannan ta sa hannu. Ki gaya wa Mista Ogden rabin juyin nan nasa ya kusa kashe ni da haƙuri. Zan ba ki guntun azoben da ya rage ki aika masa.

An buɗe ranar uku ga wata. Mutane sun dawo, sai dai da aka tayar da sallah, sahu na uku ya rabu gida biyu. Daidai inda ginshiƙin yake a da, aka bar gurbin mutum ɗaya. Wasu sabo ne, ƙafarsu ta san wurin. Wasu kuma na ga suna satar kallon sama. Liman ya juyo ya yi magana, aka matsa kaɗan, aka sake buɗewa. Sai na bar sahun farko na je na tsaya a wurin. Tun ranar nan nake tsayawa, sau biyar a yini, mako biyu ke nan. Na kusa da ni har yanzu ba sa haɗa kafaɗa da ni sosai.

Jiya gwiwa ta makarar da ni Magariba. Na shigo an yi kabbara, na nufi wurina, na tarar da Alhaji Jafaru a tsaye a ciki. Na tsaya a bayansa kaɗan ko zai matsa. Bai matsa ba. A sahu na biyar na yi sallah, kusa da takalma.

Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Kawunki, Abdulsalami